Abin Da Ke Ci Wa Masu Gyaran Kwamfuta Tuwo A Ƙwarya

Assalamu alaikum masu kallo. Yau shagon mai gyaran kwamfuta za mu leƙa, irin ƙananan shagunan nan na cikin garin Kaduna, na titin Ahmadu Bello da lungunan da ke kewaye da kasuwar Sheikh Gumi, da na wajen Kaduna Poly a Tudun Wada inda ɗalibai ke kai kukansu. Mun saba jin ƙorafin masu kaya: an riƙe min laftof, an tsauwala min kuɗi, an gyara wannan an ɓata wancan. Yau na mai riƙe da sukudireba za mu ji.

Kusan kowa da magana ɗaya yake shigowa: "Injiniya, ta ƙi kawowa." Wannan maganar kuwa ba ta gaya wa mai gyara komai ba. Ta yiwu caja ce ta mutu, ta yiwu bakin da ake sa cajar ne ya kwance daga ciki. Batir kan kumbura, ram, wato ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita, kan yi datti. Wani lokaci ma kwamfutar lafiyarta ƙalau, fitilar allon ce kawai ta ɗauke. Dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ku dubi hannunsa. Ya ɗora mita a bakin caja, ta nuna bolt 19.5, abin da yawancin cajojin HP da Dell ke bayarwa ke nan. To, caja ta fita daga zargi. Ya kwance sukurori, ya cire batir, ya fito da bod, wato babban allon da komai ke manne a jikinsa. Mita ta yi kuka, alamar wuta na zurarewa a wani wuri. Amma ina? Ɗaruruwan ƙananan kaya ne a kan bod ɗin nan, wasu ba su kai ƙwayar gero ba. Sai ya shafa sifirit, ya tura wuta 'yar kaɗan, wajen bolt 1, ya zuba ido. Inda sifirit ya fara bushewa, nan zafi ke taruwa, nan mai laifin yake. Wata 'yar kafasito ce, cikin ƙananan kayan nan masu riƙe wuta, ta ƙone. Ya ɗauke ta da hantsaki, ya ciro 'yar'uwarta daga wani mataccen bod ya liƙa, ya danna, kwamfuta ta kawo.

Rabin yini ya tafi a nan. Da mai kaya ya zo aka nuna masa abin da aka cire a tafin hannu, sai ya ce, "Haba Injiniya, a kan wannan ɗan mitsitsin abin za ka caje ni haka?" Nan gizo ke saƙa. Mutanenmu abin da ido ya gani suke biya. Allo sabo, batir sabo, wannan ba gardama. Gano inda ciwon yake kuwa, wanda shi ne ainihin aikin, ba a ɗauke shi a bakin komai ba.

Wanda ya fi baƙanta rai shi ne mai cewa, "To bari in je in yi shawara." Ya ji inda matsalar take, ya naɗe kayansa, ya tsallaka shago na uku ya ce a canza masa abu kaza. In ka ambaci kuɗin duba a ce ka cika son abin duniya. A ganina wannan ɗabi'ar ce ke lalata sana'ar. Mai gyaran da ya lura ba a biyan bincike, sai ya daina binciken. Yana buɗewa sai ya ce bod ya tafi, sai dai a sayo wani. Mai kaya ya biya ninkin-ba-ninkin abin da ya ƙi biya da fari, har ya tafi yana godiya, tunda an nuna masa babban abu.

Sai ɓoye gaskiya. "Wallahi ba abin da ya same ta, jiya da daddare ma na yi aiki da ita." Ana buɗewa sai ga tsatsa kore-kore a ƙarƙashin madannai, ga warin shayi da madara, tururuwa ma sun riga kowa zuwa saboda sukari. Ko a tarar sukurori huɗu babu, an yi liƙi da gam, alamar wani ya riga ya gwada sa'arsa. Kuma ba zubar ruwan ba ce ke kashe bod nan take. Kunnawar da ake ta yi tana jiƙe, wai a ga ko za ta kawo, ita ke ƙarasa ta. Binne ta a buhun shinkafa ma ba ya wanke sukarin da ke cin wayoyinta. Da Hajiya ta ce tun farko yara ne suka zuba shayi, da an san ta inda za a fara.

Garin namu ma ba ya taimakawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu fankar laftof ƙurar hunturu take zuƙa, ta dunƙule a mafitar iska har sai an ɓare ta da hannu. Zafin Maris da Afrilu ya iske ta a toshe, man da ke tsakanin furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, da ƙarfen sanyaya ta ya bushe, ga shi a kan katifa ake ajiye laftof ɗin. Furosesa in ta doshi digiri 100 sai ta rage gudu, in abin ya ƙi sai ta kashe kanta. Mai ita ya rantse bairos ne.

Wuta kuma ba sai an faɗa ba. Bolt 230 ya kamata ta zo, amma wata rana ta zo ba ƙarfi, wata rana ta zo da hauka, ga ƙaramin janareta mai hawa da sauka, ga tsawar damina. Caja ta ainihi tana iya shanye wani abu, ta bakin titi kuwa miƙa shi take yi kai tsaye zuwa bod. Ku lura da bakin cajar Dell: akwai wata siririyar allura a tsakiya, ta nan kwamfutar ke tantance cajar. In ba ta gane ta ba, sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudu. Alhaji ya sayi caja mai arha, sannan ya dawo shago da faɗa, wai batirin da aka sa masa ne jabu.

Shi kansa mai gyaran da wannan wutar yake aiki. Dalmar da ke kan bod na zamani sai ta kai wajen digiri 217 take narkewa, da injin hura iska mai zafi ake ɗaga cif, wato ƙananan baƙaƙen kayan nan da ke manne a jikin bod. A ɗauke wuta ana tsakiyar aikin, dalma ta daskare rabi da rabi, kana ja ka ɓalle hanyoyin da ke ƙarƙashi. Sai a tayar da janareta, fetur kuwa kowa ya san inda ya nufa tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023.

A wannan shekarar ce kuma dala ta ƙwace. Kafin Yunin 2023 wajen naira 460 take a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ba allo ko batir ko madannai guda da ake ƙerawa a nan, galibi daga Sin suke zuwa, mafi yawa su bi ta Computer Village da ke Ikeja kafin a ɗoro su a mota zuwa Kaduna. Ka yi ciniki da mai kaya ranar Litinin, ka kira Legas ranar Laraba a ce kaya sun tashi. In ka koma ka faɗa, kai ne mai magana biyu. Kayan su iso, a tarar allo mai bakin haɗi na fil 40 aka aiko alhali mai fil 30 ake nema. Kuɗin mota zuwa da komawa daga aljihun wa? Sababbin laftof marasa kauri kuma da yawansu an liƙe ram ɗinsu a jikin bod, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Mai kaya ya ce a ƙara masa, ka ce ba ya yiwuwa, ya ce ba ka iya ba ne.

Mu zo kan wanda ke kai mutane ga hawaye. Ɗalibi ne ɗan ajin ƙarshe, saura 'yan kwanaki ya miƙa furojet, laftof ta faɗi daga kan benci. Kasa kunne a jikinta: ƙas, ƙas, ƙas. A cikin had dis, inda kwamfuta ke ajiye bayanai, akwai faifai da ke juyawa sau 5,400 a minti ɗaya a yawancin laftof, da wata 'yar allura mai shawagi a samansa ba tare da ta taɓa shi ba. Faɗuwa ta sa ta taɓa. Duk kunnawar da aka ƙara yi, ƙara karce faifan take. Buɗe irin wannan sai a ɗaki na musamman da ba ƙura, ba a kan teburin shago ba. Ka tambaye shi, "Ka ajiye kwafi a filasha ko a imel?" Ya yi shiru. Shekarar karatun yaro ta salwanta, kuma fuskar mai gyara yake kallo kamar shi ya yar da ita.

SSD, sabuwar ma'ajiyar bayanai da ke maye gurbin had dis, ta rage wannan matsalar tunda ba abin da ke juyawa a cikinta, amma in ta mutu sau da yawa ba ta yin gargaɗi. Ga kuma BitLocker, makullin da Windows ke sa wa bayanai. A kwamfutoci da yawa yana kunne mai ita bai ma sani ba. Ana canza bod sai shuɗin allo ya fito yana neman lambobi 48. Lambobin suna cikin asusun Microsoft na mai kwamfutar.

"Ranka ya daɗe, wane imel aka sa lokacin da aka saye ta?"

"Wani yaro ne ya buɗe min a shagon da na saya."

Shi ke nan. In babu lambobin nan, ba injiniyan da zai buɗe, a Kaduna ko a Amurka. Amma je ka ji yadda za a ba da labarin a majalisa: ya kai gyara an goge masa komai.

Ita ma Windows ɗin ta ƙara nata. Ranar 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ta daina kula da Windows 10, Windows 11 da ta gaje ta kuma tana neman TPM 2.0, wani cif na tsaro, da furosesar Intel ta zubi na 8 zuwa sama. Laftof na hannu da ake shigo da su daga Ingila da Amurka, da yawansu sun girmi wannan sharaɗin. Ana iya yi musu dabara a ɗora, amma ranar da ta fara ciwon kai, wanda ya ɗora za a nema.

Dama haka dokar take a wannan sana'ar: wanda ya taɓa ta daga ƙarshe, duk abin da ya biyo baya nasa ne. Ka canza madannai, bayan wata biyu sifika ta mutu, sai ka ji, "Tun da ka taɓa ta ba ta sake daidai ba." Ga 'yan'uwa da abokan maigida, su aikinsu na Allah-ya-saka-da-alheri ne. Ga waɗanda aka gyara musu da kuɗin shago suka ɓace, kayansu na kan kanta suna shan ƙura, ba halin sayarwa, domin ranar da ka sayar ranar za su bayyana.

Mafi haɗari dai shi ne mai zuwa da laftof mai tsada, ba caja, ba jaka, ba rasit, ya ce, "Na manta fasawod ne, a cire min." Wataƙila gaskiya ya faɗa. Wataƙila kuma daga ɗakin kwanan ɗalibai aka ɗauko ta jiya. In 'yan sanda suka biyo sawu, a shagon da suka same ta za su fara kamu, mai gyara ya kwana yana bayanin mutumin da ko sunansa bai sani ba. Shi ya sa masu hankali a cikinsu suke ajiye littafi: sunan mai kaya, lambar waya, lambar da ke bayan kwamfutar, da duk wata karaya ko tsagewa da ta zo da ita, a kuma ɗauki hotonta a gabansa kafin a kwance sukuru ko ɗaya. Cire fasawod kuma sai da shaidar mallaka. Wasu masu kayan suna jin haushi, su ce an mai da su ɓarayi, su kwashi kayansu su nufi shagon da ba a tambaya.