Zama a Teburin Baƙi: Lacca kan Shiga Ƙungiyoyin Wasan Labari na Teburi

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Malamai, iyaye, 'yan'uwa maza da mata, ina yi wa kowa barka da zuwa, na kuma gode da kuka ba ni aron kunnuwanku.

Na san a cikinku akwai wanda bai taɓa ganin wasan nan ba, don haka bari in fara da yadda yake. Mutum huɗu ko biyar ne suke zama a teburi, kowa da jaruminsa da ya ƙirƙira a takarda: sunansa, ƙarfinsa, basirarsa, kayan da yake ɗauke da su. Mutum ɗaya kuma shi ne jagora. Shi yake bayyana inda ake, ya ce ga ku a bakin wani kogo, ga sawun mutane a ƙasa, me za ku yi? Kowa ya faɗi abin da jaruminsa zai yi. In abin yana da wuya sai a jefa dayis, irin na ludo, sai dai wanda aka fi amfani da shi fuska 20 gare shi. Abin da ya fito shi zai nuna an dace ko ba a dace ba. Ka ɗauka tatsuniya ce wadda masu sauraro suke da bakin magana a cikinta. Wanda ya fi shahara shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a 1974 a Amurka, ƙarƙashin kamfanin TSR da ke garin Lake Geneva a jihar Wisconsin.

To, matsalar wannan wasa tun fil azal guda ce: ba ya yiwuwa sai da mutane. Kana iya sayen littafin, ka haddace dokokin, amma in ba ka da abokai huɗu da za su ba ka awa huɗu a rana ɗaya, littafin nan ado ne kawai a kanta. Ko an samu abokan, yau wannan ya yi tafiya, gobe wancan ya yi aure, labarin ya tsaya a tsakiya.

Maganin da aka samo shi ne abin da ya tara mu yau. A 1980 TSR ta kafa wata ƙungiya mai suna RPGA, Frank Mentzer ne ya assasa ta, don shirya wasanni a manyan taruka. Da farko jarumi ake miƙa maka, ka buga, ka mayar. A 1987 sai aka fara shirin Living City, inda jarumin naka ne, kana tafiya da shi daga taro zuwa taro, abin da ya samu a nan yana nan tare da shi a can. Daga 2000 zuwa 2008 aka yi Living Greyhawk, wanda ni a ganina ba a taɓa yin shiri mai ban sha'awa kamarsa ba. Sun ɗauki taswirar duniyar labarin suka raba wa yankunan duniyarmu, kowace jiha ko ƙasa da masarautar da ta zama tata, kuma labaran wannan masarauta sai a yankin ake buga su. Mutane sun riƙa yin doguwar tafiya don kawai jaruminsu ya taka wata ƙasa.

A yau manyan shirye-shiryen guda biyu ne. Akwai Adventurers League, na Dungeons & Dragons, wanda kamfanin Wizards of the Coast ya fara a 2014; shi ne ya sayi TSR a 1997. Akwai kuma Pathfinder Society na kamfanin Paizo, mai wasan Pathfinder wanda shi ma irin wannan wasa ne, kuma shirin ya fara a 2008.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin nan ne gishirin maganar. Me ya sa baƙo zai zo da jaruminsa teburin da ba wanda ya san shi, a yarda da shi? Ai yana iya cewa jarumina yana da takobin da ba a taɓa gani ba, da dukiya buhu goma. Abin da ya hana haka takarda ce. A Pathfinder Society, za ka yi rajista a shafin Paizo a ba ka lamba, kyauta. Duk labarin da ka gama, jagora zai cika maka takardar shaida: ga labarin da aka buga, ga makin da ka samu, ga kuɗin cikin wasa, ga abin da aka buɗe maka. A Adventurers League ma akwai takardar da ɗan wasa yake rubuta tarihin jaruminsa zama bayan zama. Wannan takarda ita ce amanar da ke tsakanin mutanen da ba su taɓa haɗuwa ba. Da ita ne wanda ya fara wasa a wani shagon Landan zai zauna a teburi a Indianapolis ta Amurka, inda ake babban taron wasanni na Gen Con tun 2003, ba tare da an tsare shi da tambaya ba.

Amma fa akwai farashi, kuma ba zan ɓoye muku ba. A gida, jagora sarki ne, yana iya sauya doka, ya ƙirƙiro gari, ya bi labarin duk inda 'yan wasa suka ja shi. A nan hannunsa a ɗaure yake da rubutaccen labari, wanda aka tsara ya ƙare cikin kamar awa huɗu. Kai ma ba kowane irin jarumi za ka kawo ba, sai wanda dokar shirin ta amince da shi. Ba a yarda ka kai wa jarumin abokin zamanka hari ba. A Pathfinder yawancin labarai sau ɗaya ake ba ka ladansu, sai 'yan kaɗan da aka ware don maimaitawa. A Adventurers League an raba jarumai rukuni huɗu bisa matakin ƙarfin da jarumi ya kai da yawan wasa: mataki na 1 zuwa 4, na 5 zuwa 10, na 11 zuwa 16, sai na 17 zuwa 20, kuma ba a haɗa sabon shiga da tsohon hannu a labari ɗaya. Wasu tsofaffin 'yan wasa suna raina wannan tsari, suna cewa ya kashe 'yanci. Na fahimce su, amma ban bi su ba. Mai teburi a gida ne yake da bakin faɗin haka. Wanda ya sauka a garin da bai san kowa ba, ɗalibi ne ko ma'aikaci, waɗannan dokokin su ne suka sama masa kujera.

Yadda ake shiga kuwa ba wuya. A ƙasashen da abin ya kafu, shagunan sayar da wasanni ne suke ba da tebura, wasu wuraren har da laburare. Akwai shafin Warhorn inda ake jera wasannin da za a yi, ka zaɓi teburi ka sa sunanka. Paizo tana da 'yan sa-kai masu kula da yankuna, aikinsu ke nan su haɗa sabon mutum da teburi. Ba sai ka sayi komai ba a ranar farko. Akwai jarumai shiryayyu da ake ba baƙo, dayis kuma wani zai ara maka. Sauƙaƙan dokokin masu farawa na Dungeons & Dragons an sake su kyauta tun 2014, na Pathfinder kuma suna shafin Archives of Nethys.

Wanda yake Kano ko Maraɗi ko Kumasi, hanyarsa intanet ce. Ana haɗuwa a Discord don murya, a shimfiɗa taswira a Roll20 ko Foundry, kuma ladan wasan daidai yake da na teburin katako. Abu biyu za ka lura da su. Yawancin teburan da Turanci ake yi, ko da yake akwai na Faransanci. Sai lokaci: gabashin Amurka yana bayan Najeriya da awa 5 ko 6, gwargwadon yanayin shekara, wato wasan ƙarfe bakwai na yammarsu tsakar darenmu ne. Ka nemi teburan Turai, su ne agogonsu yake kusa da namu. Ka kuma tabbatar da cajinka da datarka kafin ka sa suna, don in ka ɓace a tsakiyar labari, mutum biyar ka tsayar.

Na ga wani ɗan'uwa can baya yana girgiza kai tun da na ambaci dayis, kuma na san abin da ke ransa. Ba a zuba kuɗi a wannan wasa, ba wanda yake cin wani, duk teburin ne suke nasara tare ko su faɗi tare. Batun tsafi da dodanni da gumaka da ke cikin labaran kuwa, gaskiya ne suna nan, kuma ko a Amurka an yi ta ce-ce-ku-ce a kansu a shekarun 1980. Ba ni ne mai ba da fatawa ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya tambayi malaminsa, ya kuma karanta bayanin labarin kafin ya zauna. Lokacin salla kuma, ka gaya wa jagora tun kafin a fara. Dama ana yin hutu a tsakiya.

In ka zauna, ga abin da nake roƙonka. Ka zo da wuri. Ka faɗa da bakinka cewa kai sabo ne, kada kunya ta hana ka, domin za a sassauta maka. In zagaye ya zo kanka, ka riga ka san abin da za ka yi. Kada ka cinye maganar teburin, musamman in akwai mai shiru-shiru ko yarinya da take neman bakin magana. Ka juya ka tambaye ta, ke me kika gani? Taken Pathfinder Society kalmomi uku ne, bincike da kawo rahoto da haɗin kai, kuma na ukun ne ake gane mutum da shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne jagora. Wannan mutumin ba a biyansa albashi. Shi ya nemo labarin, ya karanta shi, ya zana taswira, ya zauna awa huɗu yana magana da muryoyi iri-iri. Kusan ko'ina 'yan wasa sun fi jagorori yawa, kuma teburin da ba jagora rushe shi ake yi, a sallami mutane. Saboda haka in ka buga na 'yan watanni, ka ɗauki gajeren labari na matakin farko ka jagoranta. Ba jarrabawa ake yi ba, kuma a Pathfinder ana rubuta wa jaruminka lada kamar ka buga. Ku da kuke nan, mutum huɗu da jagora ɗaya sun isa a buɗe teburi, a yi rajistarsa a shafin Paizo, a aika da rahoto bayan an tashi. Babu abin da ya hana jagoran ya ba da labarin da Hausa.

To, masu tambaya, bismillah, a miƙa musu abin magana.