Javier Solana: Daga Adawa da NATO Zuwa Shugabancinta

Masu sauraro, a watan Disamba na 1995 ƙungiyar tsaro ta NATO ta naɗa sabon babban sakatare, bayan da Willy Claes ɗan Beljiyam ya sauka bisa zargin cin hanci. Wanda aka ɗauko shi ne Javier Solana ɗan Sifaniya, mutumin da fiye da shekara goma kafin nan yake yawo yana cewa ƙasarsa ba ta da abin yi a cikin NATO. Har ƙasida ya taɓa rubutawa mai ɗauke da hujjoji hamsin na ƙin ƙungiyar.

An haife shi a Madrid a 1942, kuma asalinsa malamin kimiyyar fiziks ne da ya yi digirin digirgir a Amurka. Ya shiga jam'iyyar gurguzu ta PSOE a 1964, lokacin tana haramce ƙarƙashin mulkin Janar Franco. Da Felipe González, jagoran jam'iyyar, ya ci zaɓe a 1982, Solana ya zama ministan al'adu, daga baya na ilimi, sannan na harkokin waje a 1992. Da suka ɗanɗana mulki sai baki ya sauya. A ƙuri'ar raba gardama ta 1986, su da kansu suka roƙi jama'a da a ci gaba da zama cikin NATO.

Sauya ra'ayi ba laifi ba ne ga ɗan siyasa, in dai ya fito ya faɗa. Inda gizo ke saƙa shi ne Kosovo, wanda a lokacin yanki ne na Yugoslabiya. Ranar 23 ga Maris, 1999, Solana ne ya ba da umarnin luguden wuta a kan Yugoslabiya, aka fara washegari, ba tare da amincewar Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Kwana 78 jirage na ruwan bama-bamai. Magoya bayansa na cewa ya ceci Albaniyawan Kosovo, waɗanda akasarinsu Musulmi ne, daga hannun dakarun shugaban Yugoslabiya Slobodan Milošević, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai fararen hula sun mutu, bam ya faɗa kan ofishin jakadancin Sin a Belgrade ya kashe mutum uku. A ganina, ƙofar da aka buɗe ranar ta tsallake Majalisar Ɗinkin Duniya ba a sake rufe ta ba. Har yau Rasha na kafa hujja da Kosovo.

Cikin 1999 ɗin ya koma Tarayyar Turai a matsayin babban jami'in harkokin wajenta. Shekara goma ya yi yana zirga-zirgar sulhu, daga Masedoniya zuwa teburin tattaunawar nukiliyar Iran, kafin ya miƙa wa Catherine Ashton ragama a ƙarshen 2009.