Libarba ɗaya, harsashi iri biyu: ina gaskiyar take?

Jama'a, assalamu alaikum. Tambayar yau daga Mai Wurno ta zo mana, can bakin kogin Nilu kusa da Sinnar a ƙasar Sudan. Wani dattijo ne ya ce, tun yana yaro yake jin ana cewa akwai libarba mai cin harsashi iri biyu, to gaskiya ne ko zancen majalisa? Baba, gaskiya ne. Amma ba yadda ake ba da labarin ba.

Ku dubi wannan gangar da ke juyawa a tsakiyar libarba. Ramuka shida ne galibi, kuma a cikinsu albarushi yake kamawa. Wato mafi yawan ƙarfin fashewar, gangar ce ke ɗaukarsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Misali mafi sauƙi ba ya buƙatar a taɓa komai. A 1935 kamfanin Smith & Wesson na Amurka ya fito da libarba mai harsashin .357 Magnum. Kaurin dalmarsa ɗaya ne da na tsohon harsashin .38 Special, kwanson ne kawai aka ƙara wa tsawo da kamar milimita uku da rabi. Da gangan aka yi haka. Gajeren yana shiga ramin dogon ya zauna lafiya, dogon kuwa ba ya shiga ramin gajeren. Dalili? Matsin fashewar .38 Special ya tsaya wajen fam 17,000 a kan kowane inci murabba'i, na Magnum kuwa 35,000. Ninki biyu ke nan. Wannan ɗan tsawon shi ne mai gadin ƙofa.

Hanya ta biyu, ganga biyu. Kamfanin Ruger yana sayar da libarbarsa Blackhawk da ganga ta biyu a cikin kwali: a cire ta .357 a sa ta milimita 9, ko ta .45 Colt a sa ta .45 ACP. A masana'anta ake daidaita kowace ganga da bindigarta, don haka ba a aron ta maƙwabci.

Akwai wata dabara da yaƙi ya haifar. Harsashin libarba yana da leɓe a gindi, shi ke hana shi zurmawa cikin rami, shi kuma ake kamawa a fizgo kwanson. Harsashin fistol irin .45 ACP ba shi da wannan leɓen. A 1917, da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya fistol suka yi mata ƙaranci, sai Colt da Smith & Wesson suka ƙera libarba mai cin harsashin fistol, aka haɗa da wani ɗan faranti mai siffar jinjirin wata da ke riƙe harsasai uku uku.

To, yanzu ga inda labarin ya taɓa ƙasar nan ta Sudan. Libarbar Webley ta zama ta sojan Ingila a 1887, da irinta hafsoshinsu suka zo yaƙin Karari, kusa da Omdurman, a 1898, kuma ta daɗe a ƙugun jami'an mulkin mallaka. Harsashinta .455 ne, mai nauyi amma mai sanyin tafiya, matsinsa wajen 13,000 ne kawai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka kwashe rarar waɗannan bindigogi zuwa kasuwar Amurka, inda harsashin .455 yake da wuyar samu. Sai dillalai suka riƙa rage bayan gangar don ta karɓi .45 ACP da wancan farantin.

Ta karɓa kuwa, tana ma harbawa. Sai dai matsin .45 ACP ya kai 21,000, a cikin gangar da aka ƙera don 13,000. An ɗora wa jaki kayan raƙumi ke nan. Ga shi Webley daga sama ake buɗe ta, maƙalli ɗaya ne ke riƙe da ita, ba kamar mai ƙashi ɗaya dunƙule ba. Ƙarfe kuma ba ya kuka kafin ya gaji. Yau lafiya, gobe lafiya, rana ɗaya maƙallin ya saki ko gangar ta tsage, kuma hannun mai harbi ne a wurin.

A ganina wannan ne ya raba aikin masana'anta da na bayan gida. Galibi ana gwada bindigar masana'anta da harsashi mai ƙarfi fiye da kima kafin ta shiga kasuwa, a Ingila ma har hatimi ake bugawa a jikin ƙarfen. Hatimin da ke jikin tsohuwar Webley shaida ce ta .455. Da aka rage gangar, hatimin yana nan daram, amma abin da ya shaida ya riga ya canza. Shi ya sa masu tara tsofaffin bindigogi, idan aka miƙo musu Webley, bayan gangar suke fara dubawa: in lambobin da ke gefen sun yanke rabi, sun san an taɓa ta, farashinta kuma ya faɗi.