Jawabin Maraba ga Mai Girma Hakimi a Ranar Allurar Wata-wata

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, barka da sauka. Mu malaman jinya masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa a nan Zariya muna yi maka lale marhabin, kai da 'yan rakiyarka.

Da gangan muka roƙi ka zo yau, ranar allura. Waɗanda ka tarar a kan benci, kowa da katinsa, yawancinsu sikizofiriniya ke damunsu, ciwon da ke sa mutum jin muryoyin da shi kaɗai ke ji, ko zargin an sa masa sammu a tuwo. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022, kusan mutum 1 cikin 300 na fama da shi.

Ƙwaya tana aiki, amma da mutum ya ji sauƙi sai ya ce ai ya warke, ya ajiye ta. Kafin a ankara an dawo mana da shi a Keke Napep, wani da sawun mari a ƙafa, uwa ta sayar da akuyarta don kuɗin gado. Allurar haloperidol mai daɗewa a jiki kuwa sau ɗaya ake yi duk mako 4. Maganin yana cikin mai, a hankali yake fita daga tsoka ya shiga jini.

Sai dai allura ba ta da ƙafa, ranka ya daɗe. Nas ce ke duba littafi da la'asar ta ga wa bai zo ba, ta buga wa yayansa waya. Ita ke lura da illolin da maganin kan jawo, irin su rawar hannu, sanƙarewar wuya da dalalar yawu, ta kai wa likita tun kafin mutum ya tsani maganin. Ita ke jan uwa gefe ta tambaye ta ko yana barci.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba masu ciwon ƙwaƙwalwa haƙƙin samun kulawa cikin mutunci. Roƙonmu, Allah ya ja zamaninka, ka yi wa dagatai da masu unguwa magana. In waya ta ƙi shiga, mai unguwa ya san gidan, ya san kuma yadda zai yi sallama ba tare da an tona asirin kowa ba.

Bismillah, ga littafin nan, ka ga sunayen da muka zagaye da jan biro a watan nan.