Idan Motar Makaranta Ta Yi Hatsari da Yaro, Haƙƙin na Wa Ne?

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena, malamaina, da iyayenmu mata da ke can baya, Allah ya saka da alheri da wannan zama.

Duk wanda ya fito da sassafe a garin nan na Sakkwato ya san yadda ake kai yara makaranta. Bas mai kujera 18 a ɗura mata yara har wasu na zaune kan cinyar wasu, ko a cika babur mai ƙafa uku da muke kira agwagwa da buje, ko ɗan kabu-kabu ya jera huɗu. Ranar da tsautsayi ya faɗa, sai mai makaranta ya zo asibiti da dattawan unguwa, ya biya kuɗin ɗaurin farko, uba ya ce, "Ƙaddara ce, na yafe." Wannan kalmar ita ta kawo ni nan yau.

Ƙaddara gaskiya ce, babu musulmin da ke ja da ita. Amma alhaji, ƙafar da ta karye ta yaron ce, shi zai yi ɗingishi da ita har tsufansa. Abin da za a biya saboda raunin dukiyarsa ce, kai waliyyi ne mai tsare masa ita. Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa uba ba ya yafe haƙƙin raunin ɗansa ƙarami a banza. Shari'a kuwa ta ƙayyade diyyar rai da ta gaɓoɓi: cikakkiyar diyya raƙuma 100 ko dinari 1,000, ido ɗaya rabin diyya, hannu ɗaya rabin diyya, yatsa raƙuma 10, haƙori raƙuma 5. Kuma ba a yanke kuɗin rauni sai ya warke an ga abin da ya bari. Ku riƙe wannan da kyau, domin sulhun da ake yi a bakin gadon asibiti, likita bai gama magana ba, nan ake cutar yara. Bugun kai musamman, wani sai bayan watanni malamin aji zai lura yaron ya daina riƙe karatu.

To wa ake nema? Direba dai, galibi ba shi da abin biya. Amma a dokar ƙasa, wanda ya ɗauki mutum aiki yana ɗaukar alhakin sakacin da ya yi a bakin aikinsa. Saboda haka makarantar da ta ɗauki direban tana ciki, haka mai motar idan haya aka ɗauko, haka direban wata motar idan shi ya yi ganganci. Sannan akwai inshora. Dole ne kowace mota ta kasance da inshorar da ke biyan wanda ta yi wa lahani, wadda hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta mayar da kuɗinta naira 15,000 ga ƙananan motocin gida tun farkon 2023. Ku tambayi makarantar 'ya'yanku takardar tun kafin komai ya faru, domin ta bogi ta yi yawa, ita kuwa ko sisi ba ta biya.

Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa, uba ko uwa ko mai riƙonsa ke tsaya masa. Kotu kuwa da hujja take aiki. A kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122, a tabbata 'yan sanda sun rubuta rahoto, a ɗauki hoton motar da lambarta, a karɓi sunayen waɗanda suka gani. Ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo aka je, ko Asibitin Ƙwararru, ko na ƙashi da ke Wamakko, a adana kowane rasiti da hoton ƙashi, har da rasitin kuɗin mota da kuke biyan makaranta. Na san da yawanmu maɗori muke fara nema. Ina roƙonku ku fara da asibiti, don lafiyar yaron, kuma don maɗori ba ya ba da takardar da alƙali zai karanta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa.

Kada a yi nawa. Idan motar ta hukuma ce, akwai dokar kare ma'aikatan gwamnati da ke iya rufe ƙofar ƙara bayan wata 3 kacal, don haka a ga lauya da wuri. Wanda ba shi da hali ya je ofishin hukumar ba da agajin shari'a kyauta, wadda aka kafa a 1976, dokarta ta 2011 ta haɗa da ƙarar neman diyyar hatsari.

Ban hana sulhu ba, sulhu alheri ne. A yi shi bayan rahoton likita, a rubuce, da shaidu, a lissafa maganin da aka yi da wanda ke gaba, da zangon karatun da yaron ya rasa. Abin da ya rage bayan magani a buɗe masa asusu da sunansa, kada ya shige kuɗin cefane ko jarin kasuwa.

Yanzu sai a miƙo tambayoyi, mu fara da ɓangaren iyayenmu mata.