Hanyar Legas ta Birnin Gwari: kwalta muke son gani

Jama'a masu sauraro, kullum labarin sababbin tituna ake cika mana kunne da shi. Titin bakin teku daga Legas zuwa Kalaba, kilomita 700. Titin Sakkwato zuwa Badagry, kilomita fiye da 1,000. Madalla, Allah ya sa a gama lafiya. Amma mu a Kaduna tambayarmu ɗaya ce: ina labarin hanyar da muke da ita tun tuni?

Daga shatale-talen Mando ta tashi, ta bi Buruku, Udawa, Birnin Gwari, Tegina, Mokwa, ta haye kogin Kwara a Jebba, ta ratsa Ilori da Ibadan har tashar jiragen ruwa ta Apapa a Legas. Ita ce hanyar Legas ta iyayenmu. Ta nan shanu da masara da tumatir ke gangarawa kudu, ta nan kwantena ke haurowa. Wannan hanya ita aka bari ta zama ramuka.

Ku tambayi direban tirela. Zai gaya muku yadda mota ɗaya ke kifewa a rami ta tsare ɗaruruwa a bayanta, yaran mota su kwana ƙarƙashin bodi, tumatir ya fara tsiyaya daga kwando tun ba a kai Jebba ba. Wanda ya ƙi binta sai ya zagaya ta Abuja, ya ƙara man dizal, ya ƙara kwana. Wa ke biyan kuɗin? Matar da ta je Kasuwar Barci da kuɗin cefane.

Za a ce ai 'yan bindiga ne suka hana aiki. Haba! Su wa suka share musu fage? Inda rami ya tilasta wa direba sa giya ɗaya, nan ɗan bindiga ke jiransa. Kuma tun ƙarshen 2024 da aka yi sulhu a Birnin Gwari, aka sake buɗe kasuwar shanu, motoci sun dawo hanya. Ko sulhun zai ɗore, Allah ne masani, amma wannan uzuri dai ya ƙare.

A Janairun 2018 aka ƙaddamar da tashar sauke kaya ta kan tudu a Kakuri, aka ce Apapa ta zo Kaduna. To ta ina kayan za su biyo? Sabon layin dogo na Legas ya tsaya Ibadan, namu ya tsaya Abuja, tsakani babu sabon layi. Gadar Tatabu da ke tsakanin Mokwa da Jebba ta karye a 2017, ambaliyar Mokwa ta 2025 ta sake yanke hanya, kullum sai faci.

Hanyar nan ta gwamnatin tarayya ce. Alkawari mun ji, kwangila mun ji. 'Yan majalisarmu da ke Abuja su bar jirgin sama rana ɗaya, su hau mota a Mando su je Tegina, sannan su dawo su faɗa mana kilomita nawa suka tarar da sabuwar kwalta.