Kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban: hirarmu kan rigimar gareji

Sani: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Yau Hajiya Bilkisu ta shigo ranta a ɓace, ta ce ba za mu taɓa wani zance ba sai ta amayar da abin da ke cinta. Ga kuma Kabiru, wanda ya yi shekara shida a gareji kafin ya koma makaranta. Hajiya, bismillah.

Bilkisu: Malam Sani, makon jiya Corolla ɗina ta ɗau zafi a cunkoson Ƙofar Nassarawa, lagireto na tafasa, tururi na fita ta bonet. Na kai wa makanikena, mutumin da na yi shekara huɗu ina ba shi aiki. Ya ce famfon ruwa ne, muka yi magana a kan naira dubu 60. Da na je ɗaukar mota sai ya ce dubu 110, wai da ya buɗe ya ga gaskit ma ya ƙone. Ko kira ɗaya bai yi mini ba.

Kabiru: Yaya Bilki, bayan allurar zafin inji ta hau, kin ci gaba da tuƙi?

Bilkisu: Na ɗan lallaɓa zuwa garejin.

Kabiru: To maganar gaskit, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa, tana iya zama gaskiya. Idan inji ya yi zafi sosai, kan injin yakan lanƙwashe, gaskit ya saki, ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Za ki ga baƙin mai ya koma kamar shayi da madara, farin hayaƙi na fita ta salansa. Amma duk da haka ya yi kuskure. Ranar da ya ga aikin ya wuce abin da kuka yi magana, wajibinsa ne ya ajiye sifana ya ɗauki waya.

Bilkisu: Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ba kuɗin ba ne kawai. Ya yanke hukunci a kan aljihuna ba tare da ya tambaye ni ba.

Sani: Kuma malamanmu ba su bar wannan a buɗe ba. A fiƙihu, sharaɗin ijara, wato ɗaukar mutum aiki a kan lada, shi ne a san aikin, a san ladan, kafin a fara. A mazhabar Malikiyya ma mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa ya keɓe da su, in sun ɓata ko sun salwanta a hannunsa. Wanda ya karanta Risala ya wuce ta wannan wurin. Mota a gareji amana ce mai nauyi.

Kabiru: Haka ne, Malam. Amma ku bar ni in faɗi ɓangaren da masu mota ba sa son ji. Nawa kuke biyan kuɗin hannu? Na ga maigidana ya kwana biyu a ƙarƙashin mota yana sauke giya, bayansa a kan kwali, hannunsa duk yanka. Mai motar ya biya kuɗin kaya babu musu, amma da aka zo kuɗin aiki sai ya ce, "Haba Oga, me ka yi?" Ya miƙa masa abin da ko abincin yaran gareji ba zai saya ba. Makanike ya gane cewa in ya faɗi ainihin ladansa ba za a ba shi ba, sai ya ɓoye shi a cikin kuɗin kaya. Abin dubu 20 ya ce dubu 28. Wani kuma yana da la'ada a wurin mai shago a Ƙofar Ruwa, duk kayan da ya ɗauka akwai nasa a ciki.

Bilkisu: Amma Kabiru, wannan ai ha'inci ne. In na aike ka ka sayo mini abu, wakilina kake.

Kabiru: Ha'inci ne, ban wanke shi ba. Ina nuna miki inda ɓarakar ta faro ne. Mu muka koya musu cewa ƙarfe yana da daraja, gumi ba shi da ita.

Sani: Ga kuma kasuwar kanta. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Kayan mota kusan duk daga waje suke zuwa, su sauka Legas, su bi ta kasuwar kayan mota ta Ladipo, sannan su hau babbar mota zuwa Arewa. Mai mota yana riƙe da farashin da ya sani shekara biyu baya, makanike ya faɗa masa na yau, sai ya ɗauka an cuce shi.

Kabiru: Kuma abu ɗaya yana da farashi uku. Akwai sabo na kamfani, akwai ɗan beljiyam da aka ciro daga wata motar, akwai sabo na kwaikwayo mai kwali mai ƙyalli. Araha ba ta ado. Babbar cutar ita ce a karɓi kuɗin na farko a saka maka na ukun.

Bilkisu: To ni da ban san fulogi daga fiyus ba, ta yaya zan gane?

Kabiru: Ki ce a ajiye miki tsohon kayan da aka cire, da kwalin sabon. Makanike mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Maigidana a leda yake zuba su ya saka a but tun kafin a tambaya. Sannan akwai abin da nake roƙon kowa ya kula da shi: indomi.

Sani: Bayyana wa wanda bai sani ba.

Kabiru: Wata tukunya ce a jikin salansa mai tace hayaƙi. Cikinta kamar saƙar zuma yake, yana kama da taliyar indomi, shi ya sa ake ce mata indomi, kuma an shafe shi da ƙarafa masu tsada irin su filatinam. Akwai masu sayensa. Sai a ce maka ya toshe, a fasa, a kwashe, a yi walda a mayar. Wani lokaci da gaske ya toshe, amma ko a haka ɗin ma kayanka ne, kuɗinsa naka ne. Bayan an cire za ka ji ƙarar mota ta canza, warin hayaƙi ya ƙaru, fitilar inji ta kama. Motocin da aka ƙera don Amurka tun daga 1996 suna da wurin jona kwamfuta a ƙasan sitiyari. In aka jona aka ga lamba P0420, maganar wannan tukunyar ake yi.

Bilkisu: Ni dai yanzu ina tsaka mai wuya. Dubu 60 na biya, ya bar ni na tafi da mota, saura dubu 50 yana jira. Mutumin nan ya taɓa fitowa da daddare ya tayar mini da mota a hanyar Zariya. Ba na son in zalunce shi, ba na kuma son in zama saniyar tatsa.

Sani: In abin ya gagara, yawancin garejoji suna da shugaba, kuma makanikai suna da ƙungiyarsu ta NATA. Ana kai ƙorafi can a zauna a sasanta. Amma ni ban ga kun kai nan ba.

Kabiru: Ba su kai ba. Yaya Bilki, ki koma ki ce ya nuna miki tsohon gaskit ɗin. In ya ƙone, ido zai gani. Ya rubuta miki kuɗin kaya a layi ɗaya, kuɗin hannunsa a wani layin. In ya faɗi ladansa na gaskiya, kada ki rage masa ko sisi. Sannan ki gaya masa a fili cewa daga yau ko ƙusa ɗaya zai ƙara, ya kira tukuna.

Bilkisu: In ya ce ya zubar da tsohon fa?

Kabiru: Sai mu tambaye shi shagon da ya saya, mu je tare. Ranar Asabar ba ni da aiki da safe, zan raka ki.

Bilkisu: Ƙarfe goma ya yi maka?

Kabiru: Ya yi.

Sani: To mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, da wannan za mu buɗe. Hajiya, ki zo mana da gaskit ɗin a leda mu gani. Mu kwana lafiya.